Wace Tasha Zan Bar Miki, Anti?

Ku gyara zama, yau da zafinta na zo muku. Waɗanda suka cika ƙasan rubutuna na makon jiya da cewa na fiye taurin kai, na ga saƙonku, na gode, Allah ya bar zumunci. Wanda kuma yau ne shigowarsa ta farko, sunana Uluwehi Pacheco, shekarata ashirin da shida, ni ce mai riƙe kyamara a Tasha Ashirin da Bakwai, talabijin ɗin jama'ar tsibirinmu. Mu ne masu nuna zaman majalisa da yaye 'yan makaranta da tseren kwale-kwale, mu ne kuma masu karanta sanarwar rasuwa ƙarfe shida na yamma. Abin da ke riƙe da tashar shi ne kason da kamfanin kebul yake bayarwa, ladan wayoyinsa da ya ja a kan hanyoyinmu. To izininsa na shekara goma sha biyar ya ƙare, ya dawo neman sabo, ya kuma zo da sharaɗi: a rufe ƙananan tashoshi irin tamu, a haɗa komai a yi guda ɗaya a Honolulu, babban birnin jiharmu da ke wani tsibirin. Gwamnatin jiha ta ce abin da majalisar tsibiri ta yanke shi za ta bi. Aka sa ranar Laraba. In mutum huɗu cikin bakwai suka ɗaga wa kamfani hannu, tasharmu ta mutu.

Shi kuma wanda ke nemana da aure, Bronson Tavares, ma'aikacin kamfanin ne. Shi ne mai hawa falwaya, mai shiga gidaje gyaran akwatin kebul na talabijin. Kun ga inda ƙaddara ta ajiye ni.

Ranar Larabar ina tsaye ina goge doguwar rigata shuɗiya mai fararen furanni, wadda Kaka ta ɗinka mini da hannunta, sai ga Mama ta shigo daga tsakar gida da fure ɗaya a tafin hannu. Ta matso ta maƙala mini shi a bayan kunne.

"Mama, hagu fa kika sa."

"Ido gare ni, na gani."

"Hagu ta waɗanda aka riga aka kama ce."

"Ke kuma sakakkiya ce ko? Yaro ya shekara yana cire takalmi a ƙofar gidan nan, ya cinye mini shinkafa ta fi buhu, ki ce mini ba a kama ki ba?"

Na ci gaba da guga, don na san ba furen ne ya kawo ta ba. Ta jawo kujera ta zauna, ta gyara gilashinta.

"Uluwehi, saurare ni. Ki je ki riƙe kyamararki, aikinki ke nan, ba wanda zai ce kin yi laifi. Amma kada ki tashi ki yi magana. In kika tsaya gaban iyayen gidansa kika tsige kamfani, wa kika yi wa? Yaron nan yana da aiki mai fansho, yana da katin asibiti, yana da filin kakansa. Yayyenki biyu Las Vegas ta haɗiye su saboda babu abin yi a nan. Jikokina a waya nake ganinsu, kamar masu sayar da kaya. Ke kaɗai kika rage mini, kuma Allah ya kawo wanda zai iya riƙe ki a tsibirin nan, za ki sa ƙafa ki ture."

"In aka rufe tashar, ni ma Las Vegas ɗin zan bi su."

"Ba inda za ki. Miji zai riƙe ki."

Daga falo Kaka ta ɗago murya, ita da kowa ke cewa kunnenta ya yi nauyi: "Mapuana, bar yarinya ta yi shiri! Ke da kika auri mai kamun kifi da kwale-kwale mai yoyo, yau ke ce mai wa'azin fansho?"

Mama ta tashi fuu ta koma kicin. Na ji tausayinta, kada ku ce ban ji ba. Tsoro ne yake magana da bakinta, kuma tsoron nan ba na banza ba ne. Amma muna shiga mota na zare furen na mayar da shi dama, Mama da ke tuƙi ta gani ta madubi ta yi kamar ba ta gani ba.

Muna hanya wayata ta yi ƙara. Bronson ne.

"Ulu, an ce mu saka rigar kamfani mu zauna a layin gaba. Mu goma sha biyu. Ba ni na zaɓa ba."

Na rubuta: "Ka goge ta da kyau. Zan ɗauke ka a kyamara."

"Haba Ulu."

"Ka yi murmushi kuma. Duk tsibiri za su gani, kafin ku kashe mu."

Na ga yana rubutu, ya goge, ya sake, ya goge. Can sai ga shi: "Kin karya kuwa?"

Na kifa wayar a cinya. Bari in faɗa muku abin da ban faɗa wa Mama ba, tunda ku ba za ku kai mata ba: ina son mutumin nan. Ina son yadda yake durƙusawa ya gaishe da Kaka, ina son shirunsa, har wannan tambayar tasa ta ko na ci abinci a tsakiyar faɗa ina sonta. Shi ya sa abin ya yi mini ciwo. Da wani ne can zai zauna a layin gaba cikin jar riga, ko a jikina.

Zauren majalisa ya cika har waje. Tsofaffi sun zo da rigunan zuwa coci, masunta sun zo da silifas, kowace Anti kuma da kularta ta abinci a bayan mota, don a wurinmu ko shari'a aka je sai an ci an sha bayan an tashi. Na kafa kyamarata a gefe, na sa abin ji a kunne. Ga su nan a layin gaba, jajayen riguna goma sha biyu. Bronson ne na uku daga ƙarshe, ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Na ɗauke shi kamar yadda na yi alkawari, har da matso da fuskarsa.

Shugabar majalisa, Anti Verna Morishige, ta buga gudumarta ta fara ba lauyan kamfani dama. Mista Whitcomb sunansa, daga babbar ƙasa can ƙetaren teku aka turo shi, cikin kwat da wannan zafin. Gaskiya mutumin ya iya magana, kuma ba mugu ba ne. Ya ce kamfani zai kai intanet mai sauri har ƙauyukan bayan dutse, abin da muka shekara goma muna roƙo. Ya ce tasha guda a Honolulu za ta fi kyan hoto. Sannan ya kunna allo ya nuna abin da ya kira bincike: sun buga waya gidaje ɗari huɗu, mutum uku kacal cikin ɗari suka ce suna kallon Ashirin da Bakwai.

Zaure ya ɗauki guna-guni. Wa yake ɗaukar baƙuwar lamba a tsibirin nan? Kaka in ta ga lambar da ba ta sani ba, kifa wayar take ta rufe da tawul. Waɗanda suka ɗauka ɗin na san su, masu gidajen hutu ne na bakin teku, masu zuwa wata biyu su tafi. Amma lamba lamba ce, kuma ta kyamara ina ganin fuskokin 'yan majalisa. Uku namu ne tun farko. Uku na kamfani. Na bakwai, Kawu Nelson Rapozo, yana gyaɗa wa lauyan kai yana rubutu.

Aka buɗe wa jama'a. Minti uku kowa, ga fitila a kan tebur, in ta yi ja an gama. Manya ne ke farawa, don haka aka kira Kaka. Mako guda na yi ina koya mata abin da za ta ce: ta faɗi cewa ta tasharmu ta ga yaye jikanta tana kwance a asibiti, shi ke nan. Ta dogara sandarta ta isa gaban lasifika, ta gyara hularta ta saƙa.

"Ina gaishe ku duka. Ni ce Kalehua, 'yar Iokepa da Malia na kwarin gabas. Mahaifiyata 'yar Kamaka ce, wanda ya haƙa magudanar ruwan da ke bayan coci. Verna, kakarki da kakata tare suka yi wanki a rafi ɗaya. Nelson, ni na yi wa uwarka rakiya ranar aurenta…"

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, su bakwai. Tana kan na shida fitila ta yi ja.

"Anti Kalehua, ki yi haƙuri," in ji Anti Verna cikin ladabi, "lokaci ya cika."

"Wane lokaci? Ai ban fara ba."

"Doka ce, Anti."

"To Allah ya kyauta wa dokar." Ta juya ta koma kujerarta, aka yi mata tafi kamar ta faɗi wani abu.

Jama'a, haka aka yi ta yi. Babu tsohon da zai buɗe baki a gaban mutane bai faɗi ɗan wane ne shi ba, daga wane kwari, wa ya haɗa shi da mai sauraro. Rashin kunya ne a tsallake. Mutum goma sha huɗu suka tashi, goma sha ɗaya fitila ta kama su ba su ko ambaci sunan tashar ba. Kawu Walter, manajanmu, ya rufe fuska da hularsa. Mista Whitcomb tun yana rubutu har ya ajiye alƙalami ya jingina. Ni kuwa ina bayan kyamara ina ɗaukar mutuwarmu da hannuna, hoto tar, murya tar.

Da aka kira sunana sai na bar kyamarar a kafe na fita. Ban kalli Mama ba. Na tsallake gaisuwa, na ji wata Anti ta ja tsaki a baya, na karanta takardata da sauri. Na faɗi ranar ambaliya da muka kwana biyu muna gaya wa mutane wace gada ce ta karye, alhali tashoshin Honolulu suna nuna wasan ƙwallo. Na ce wanda ke zaune a wani tsibiri ba zai san wa ya rasu a namu ba. Na gama saura daƙiƙa goma, ina jin kaina kamar na ci yaƙi.

Sai Kawu Nelson ya matso da lasifikarsa. "'Yata, kin yi magana mai kyau. Amma a tashar kike aiki, ko ba haka ba?"

"Haka ne, Kawu."

"To kin ga. Kowa yana kare tukunyarsa. Ni abin da nake so in sani, ban da ku ma'aikata da iyayenmu da suka zo yau, akwai mai kallo? Mutumin nan ya kawo lamba. Ku me kuka kawo?"

Na naɗe takardata. Na koma bayan kyamara idona na yaji, na ce a raina, Uluwehi, in kika yi kuka a nan ban yafe miki ba. Anti Verna ta duba takarda ta ce saura mutum ɗaya, Walter.

Kawu Walter bai ko miƙe ba, sai ga jar riga ta tashi a layin gaba.

"Anti Verna, ban rubuta sunana ba. Ko za a ba ni dama?"

Shugaban aikinsu, wanda ke zaune kusa da lauya, ya juyo da sauri. "Tavares, zauna."

"Na ba shi mintina uku," in ji Kawu Walter. Bai ma san me Bronson zai ce ba, daga baya ya gaya mini wai ya ga dai ba abin da ya rage a rasa.

Bronson ya isa gaban lasifika, ya cusa hannu a aljihu. Mutumin da in ya yi jimla uku a jere a gidanmu sai Mama ta tambaya ko lafiya.

"Ku yafe mini, ba zan faɗi asalina ba. Kun san uwata, kun san kuma wanda ya fasa gilashin cocin gabas yana ɗan shekara tara." Aka yi dariya. "Shekarata tara a kamfani, kuma ina son aikina. Muna da ƙa'ida. In ka gama gyara a gida, ba ka fita sai mai gida ya zaɓi tasha da bakinsa, ka kunna masa, ya ga hoto ya fito. Haka aka koya mana. Don haka gida shida, gida bakwai a rana, tambaya ɗaya nake yi: wace tasha zan bar miki, Anti? Wace tasha zan bar maka, Kawu? Ban buga wa kowa waya ba. A falonsu nake tsaye, ba takalmi, wani lokaci da faranti a hannuna."

Ya dubi tsofaffin da ke zaure.

"Ba sa ma cewa Ashirin da Bakwai. Cewa suke, bar mini tamu. Yara sukan ce katun, wasu mazan ƙwallo. Amma in ka cire gidajen hutu, cikin gida goma, bakwai tamu za su ce. Kuma ranar da waya ta tsinke kusa da ƙarfe shida, ranar muke shan zagi, don an hana mutane jin wa ya rasu." Ya juya ya kalli layin gaba. "Ga abokan aikina nan. Ƙarya na yi?"

Ba wanda ya motsa. Na matso da kyamara kan fuskokinsu. Sai wani dattijo a cikinsu, mai furfura, wanda saura shekara ɗaya ya yi ritaya, ya ce da ƙarfi, "Bakwai ma ka rage." Na kusa da shi ya gyaɗa kai. Na gaba ya ɗaga hannu. Kafin shugabansu ya gama zare ido, hannu tara ne a sama.

Fitila ta koma ruwan ɗorawa. Bronson ya kalli Kawu Nelson.

"Kawu, ka gafarce ni. Watan jiya ni na canza wa mahaifiyarka akwati. Na tambaye ta wace tasha. Ta ce, bar mini tamu, ranar Laraba nake so in ga ko Nelson zai sake yin barci a majalisa."

Wayyo Allah! Zauren nan kamar zai tsage. Anti Verna tana buga guduma tana dariya har da hawaye, Mista Whitcomb kansa ya rufe baki da hannu. Kawu Nelson ya yi jajir, ya cire gilashi ya goge, ya leƙo kyamarata kai tsaye.

"Mama, idona biyu," ya ce.

Aka kaɗa ƙuri'a. An amince a sabunta izini, da sharaɗin kason tsibiri ya tsaya a tsibiri, Ashirin da Bakwai ta ci gaba a hannun mutanenta, maganar intanet ɗin bayan dutse kuma a zauna a sake tattaunawa daban. Biyar da biyu. Kawu Nelson ne ya fara ɗaga hannu, har wani na kamfanin ya bi shi. Ban san lokacin da na saki kyamara na yi tsalle ba. In kun kalli maimaicin zaman za ku ga hoton ya karkata yana nuna fanka na kusan minti guda, ni ce, kuma ban ba kowa haƙuri ba. Mun ci! Mu da ofishinmu ke yoyo, mu da kyamara biyu da rabi, mun ci.

A waje aka buɗe bayan motoci, kuloli suka fito. Ɗanyen kifi da gishiri da albasa, dunƙulen shinkafa, kaza, alewar kwakwa. Kaka da kanta ta cika faranti ta kai wa Mista Whitcomb, ta kuma tsare shi ta ƙarasa masa asalin ɗan majalisar ƙarshe da fitila ta hana ta kaiwa kansa. Antoci suka yanyame Bronson, wannan ta rataya masa furanni, waccan ta ja kumatunsa. Mama na hango tsaye ita kaɗai a jikin motarmu, ta harɗe hannu. Na nufe ta ina shirin faɗa.

"Kin tsallake gaisuwa," ta ce.

"Minti uku ne, Mama."

"Ko minti ɗaya ne." Ta share ido da gefen yatsa. "Amma muryarki ta fita. Irin ta ubanki."

Na rungume ta. Tana cikin ture ni wai zan ɓata mata riga sai ga Bronson ya iso, furanni har haɓa. Ya gaishe da Mama, sannan ya miƙo mini wayarsa. Saƙo ne daga shugaban aikinsu, minti huɗu da shigowa.

"Ka bar motar kamfani a nan, ka ba Dennis makulli. Kada ka fito gobe. Ofis ranar Litinin, ƙarfe takwas."

Mama ta leƙo ta kafaɗata ta karanta. Fanshon nan, katin asibitin nan, duk ga su a layi uku. Na jira ta fashe.

"Ka ci abinci?" ta ce masa.

"A'a, Anti."

"To tsaya nan." Ta juya ta nufi kula, tana tafe tana faɗa ita kaɗai.

Muka rage mu biyu. Na ce, "Me ya kai ka? Ban roƙe ka ba."

"Na sani. Da kin roƙa da ya fi sauƙi." Ya sosa ƙeya. "Ulu, akwai maganar da na yi wata uku ina son yi miki. Na so in yi ta ina da aiki a hannu. Yanzu ban san ko ina da shi ba, don haka in kin ce in bari sai bayan Litinin, zan bari."

Na kalle shi, jar riga ta jiƙe da gumi, makullin motar da ba tasa ba a hannu. Na hango Mama ta juyo da faranti, saura taku ashirin ta iso.

"Ba ruwana da Litinin," na ce. "Yi sauri, kafin ta ƙaraso."